Kundin Tsarin Mulki a Ajin SS2: Inda Aikinmu Ya Kwana

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau muka fara. Kafin in ɗauki alli na tambayi 'yan ajin ko akwai wanda ya taɓa riƙe kundin tsarin mulkin Najeriya da hannunsa. Su 58 ne, ko hannu ɗaya bai tashi ba. Da na ce a jero mini tsare-tsaren mulkin da aka yi tun zamanin Turawa kuwa, sai aji ya ɗauka baki ɗaya kamar masu biya karatun allo: Kilifod 1922, Ricads 1946, Makfasan 1951, Litiltan 1954, na 'yancin kai 1960, na jamhuriya 1963. Sun haddace sunan kowane, ba su taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ban ga laifinsu ba, don ni na koya musu hakan, kuma shekara tara ke nan ina yi, saboda abin da jarrabawa ke tambaya ke nan.

Wannan zangon na ce za a sake salo. Na sayo kwafi uku na kundin 1999 da kuɗin aljihuna, wajen wani mai baza littattafai a bakin tasha. Aikin da na ɗora wa ajin shi ne, kafin hutun Sallah, mu fitar da ɗan littafi da Hausa, wanda kowane yaro zai kai gida ya karanta wa kakarsa ta gane. Ba fassarar kalma da kalma ba, wannan aikin lauyoyi ne. Bayani kawai: me kundin ya ce, a wane sashe, kuma ina ruwanmu da shi.

Kundin yana da babi 8, sashe 320, da jadawali 7 a ƙarshe. Na raba su rukuni takwas, kowane rukuni babi ɗaya. Shugaban makaranta ya yarda, da sharaɗin kada manhaja ta tsaya.

Alhamis, 16 ga Janairu

Mun karanta gabatarwa, inda kundin ya buɗe da cewa mu al'ummar Najeriya ne muka tsara wa kanmu wannan kundi. Wani yaro daga layin baya ya ce, "Malam, su wa aka tambaya? Babana ya ce shi dai ba a tambaye shi ba." Na faɗa musu yadda aka yi. Gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami Abubakar ce ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Niki Tobi, ya zagaya ya ji ra'ayoyi cikin ɗan gajeren lokaci, aka ɗauko kundin 1979 aka yi masa gyare-gyare, aka fito da shi ta dokar soja mai lamba 24 ta 1999. Ya fara aiki ranar 29 ga Mayu, 1999. Ba a yi ƙuri'ar raba gardama a kansa ba. Na 1979 ɗin ya fi shi shan muhawara: Janar Murtala ya kafa kwamitin rubutawa a 1975, Rotimi Williams na shugabanta, sannan majalisar tsara mulki ta zauna a 1977 zuwa 1978. Har Dakta Yusufu Bala Usman na jami'ar Ahmadu Bello da Dakta Segun Osoba suka ƙi bin sahun sauran 'yan kwamitin, suka rubuta nasu rahoton daban.

Yaron ya ce to ke nan layin farko ma ba gaskiya ba ne. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Na ce ya rubuta tambayar, za ta shiga littafin.

Laraba, 22 ga Janairu

Rabon da na yi shirme ne. Babi na 3, na zama ɗan ƙasa, sashe 8 ne kacal, 'yan rukunin sun gama tun ranar Litinin suna ta surutu. Babi na 6, na ɓangaren zartarwa, sashe 100 ne cif, daga 130 zuwa 229, masu shi har sun fara zuwa da fuska a murtuke. Na sake rabo bisa tambayoyi, ba bisa babi ba: wa ke yin doka, wa ke aiwatarwa, wa ke yanke hukunci, me ɗan ƙasa ke da shi, aikin wa ne mene. Kwafi uku ba su isa ba, don haka na kwance ɗinkin guda ɗaya na rarraba shafukan. Malamin laburare ya ganni ina yi, ya yi salati.

Alhamis, 30 ga Janairu

Darasin yau ya fi ƙarfin minti arba'in, mun ci rabin lokacin tara.

Sashe na 14 ya ce iko mafi girma a ƙasa na jama'ar Najeriya ne, daga gare su gwamnati ke samun nata ikon. Rukunin da ke da wurin sun rubuta, "Mulki na jama'a ne." Wata ɗaliba, wadda ta sauke Alƙur'ani tun tana ƙaramar sakandare, ta miƙe ta ce ita ba za ta sa hannu a wannan jimlar ba, mulki na Allah ne. Ajin ya yi tsit, don kowa ya san da gaske take. Wani yaro Kirista ya ce su ma haka aka koya musu a coci, duk iko daga Allah yake. Sai ya zama su biyun suna gefe ɗaya, ni da kundin muna ɗaya gefen.

Na ce su koma gabatarwa. A can an rubuta cewa Najeriya ƙasa ɗaya ce dunƙulalliya a ƙarƙashin Allah. Na kuma buɗe musu jadawali na 7, inda rantsuwar kama aiki take, ita ma da neman taimakon Allah take rufewa. Sannan na tambaye su: ranar da soja ya shiga gidan rediyo da asuba ya ce ya karɓi mulki, me sashe na 14 zai ce masa? Sashe na 1 ma ya faɗa ƙarara cewa babu wani mutum ko gungun mutane da za su karɓi ragamar ƙasar nan sai ta hanyar da kundin ya shimfiɗa. Ashe da mai bindiga ake magana, da mai taƙama da gado, da mai kuɗi. Ɗalibar ta yi shiru kaɗan, ta ce in haka ne a gyara Hausar. Ita ta kawo jimlar da muka tsaya a kai: "Babu mai hawa kujerar gwamnati sai da yardar jama'a, kuma amanar jama'a yake riƙe." Ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba.

Daga nan dole muka taɓa sashe na 10, wanda ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati, da sashe na 38 mai bai wa kowa 'yancin addininsa, da sashe na 275 da ya ce duk jihar da ke buƙata tana iya kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a, kamar yadda sashe na 280 ya ba da ta al'ada. Na gaya musu cewa a kan maganar kotun Shari'a ta tarayya ne wakilai Musulmi suka fice daga zauren majalisar tsara mulki a 1978, kuma abin da ke cikin kundin yau sulhun da aka yi ne a lokacin. A Jihar Kaduna muke, iyayen yaran nan sun ga rikicin Shari'a na shekarar 2000 da idonsu. Na taka a hankali, na bar sassan su yi magana da kansu.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Babi na 4, haƙƙoƙin ɗan ƙasa, sashe na 33 zuwa 46. Nan ba na buƙatar tsawa, kowa kunnensa a buɗe yake. Sashe na 35 ya fi jan hankali: wanda aka kama yana da damar yin shiru har sai ya ga lauyansa ko wanda ya zaɓa, dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, kuma in akwai kotu cikin nisan kilomita 40 a kai shi gabanta cikin kwana ɗaya, in babu, kwana biyu. Wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, nasa daban. In aka tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a.

Bayan an tashi wani yaro mai shiru-shiru ya biyo ni har gindin dalbejiya inda nake ajiye babur. Ya ce yayansa ɗan acaba ne, an taɓa tsare shi kwana shida a wani ofishi, sai da mahaifiyarsu ta sayar da akuyarta kafin ya fito. Ya ce, "Malam, da mun san wannan lambar, da sun sake shi?" Na ce ban yi maka alkawari ba, amma da kun san abin da za ku faɗa wa lauya, kun kuma san sashe na 46 ya buɗe muku ƙofar babbar kotu. Ya ciro biro ya rubuta 35 da 46 a tafin hannunsa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na daɗe ina jin tsoron wannan darasin, kuma ya zo yadda na zata.

Babi na 2 shi ne mai daɗin karantawa. Tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Matsuguni, abinci, albashi mai ma'ana, kula da tsofaffi da marasa lafiya. Sashe na 18 ya kawo ilimi kyauta tun daga firamare har jami'a, sai dai an liƙa masa ɗan sharaɗi: in hali ya yi. Yara suna karantawa suna kallon juna, suna kallon silin ɗin ajin da ya ɓule tun daminar bara, da bencin da mutum biyar ke matse a kai. Monita ya ce gobe ma a kai ƙara.

Na ce ya buɗe sashe na 6, ƙaramin sashe na 6, sakin layi na uku, ya karanta da ƙarfi. Ya karanta sau biyu kafin ya gane. Abin da wurin ke cewa shi ne ikon kotu bai kai ga tambayar ko gwamnati ta cika abin da ke Babi na 2 ba. Wato Babi na 4 kana iya riƙe shi ka shiga kotu, Babi na 2 kuwa sai dai ka riƙe shi ka je rumfar zaɓe. Ajin ya kaure. Wata ta ce wannan ai an ba ka da dama an karɓe da hagu. Wani ya ce kamar mai neman aure ne, baki cike da alkawari, babu shaida.

A ganina yaran sun fi rabin gaskiya. Amma na nuna musu ɗaya gefen don kada su tafi da rabin magana. In majalisa ta ɗauki wani abu daga Babi na 2 ta mayar da shi doka, to ya samu haƙora. Misalin da ke kusa da su shi ne dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta sa karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara, ya zama kyauta kuma tilas. Masu kare tsarin kuma suna cewa alƙali ba shi ke riƙe da baitulmali ba, in ya ce a gina aji dubu da kuɗin wa za a gina. Na ce kowane rukuni ya rubuta matsayinsa a shafi ɗaya. Huɗu sun ce a mayar da ilimi da lafiya Babi na 4, ɗaya ya ce a bar shi yadda yake amma a riƙa tuna wa 'yan takara. Duka biyun za su shiga littafin, fuska da fuska.

Da zan fita monita ya ce, "To Malam, silin ɗin fa?" Na ce mako mai zuwa za mu gano ƙofar wa za mu buga.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Jadawali na 2 da na 4. Na zana gida uku a allo, tarayya, jiha, ƙaramar hukuma, ina kiran abu suna faɗin gidansa. Soja, kuɗi, kwastan, fasfo, ma'adinai da man fetur duk na tarayya. 'Yan sanda ma haka, sashe na 214 ya ce rundunar guda ɗaya ce tak a ƙasar, abin da ya ba su mamaki don kullum suna jin ana kiran gwamna babban jami'in tsaron jiha. Jadawali na 4 ne ya ba su dariya: kasuwa, tashar mota, mahauta, maƙabarta, kwashe shara, raɗa wa titi suna, rajistar haihuwa da mutuwa, har lasisin keke da baro da amalanke da kwale-kwale, duk aikin ƙaramar hukuma ne. Ƙananan hukumomi 768 ne, da majalisun yanki 6 na Abuja, 774 ke nan, 23 a jiharmu. Na ƙara musu da hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye, kuma shugabannin riƙo ba su da gurbi a kundin.

Aikin gida: kowa ya kawo matsala ɗaya daga unguwarsu da gidan da ya dace a kai ta. Silin ɗinmu na jiha ne. Monita ya ɗauki nauyin rubuta takardar.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Yau na sha kunya. Rukunin ɓangaren zartarwa sun rubuta cewa sai mai shekara 40 zai tsaya takarar shugaban ƙasa, haka sashe na 131 ya ce a kwafinmu. Wata ɗaliba ta ce ta duba a wayar yayarta, 35 ne. Ita ke da gaskiya. Littattafan da na sayo a bakin tasha tsohon bugu ne, babu gyara ko ɗaya a ciki. A 2018 aka rage shekarun: shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, ɗan majalisar wakilai da na jiha daga 30 zuwa 25, sanata da gwamna suka tsaya a 35. Haka kuma a Maris 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran da ya ba jihohi hannu a harkar jirgin ƙasa, gidajen gyaran hali da wutar lantarki, wanda ke nufin zanen da na yi a allo makon jiya ma sai an taɓa shi.

Tunda abin ya zo da haka, muka yi sashe na 9 nan take. Gyara yana buƙatar biyu bisa uku na kowace majalisa ta tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. In Babi na 4 za a taɓa, ko shi kansa sashe na 9, ko na 8 mai maganar ƙirƙiro jiha, sai huɗu bisa biyar. Na sauke sabon kwafi daga intanet, na buga shafukan da suka sauya. Kwana uku za mu ɓata wajen bin abin da muka riga muka rubuta.

Alhamis, 6 ga Maris

Azumi ya shiga, ana tashi da wuri, bayan ƙarfe sha ɗaya sai hamma. Na roƙi malamin lissafi ya shigo mu yi darasi tare a kan sashe na 134: mai cin zaɓen shugaban ƙasa sai ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya samu ɗaya bisa huɗu a biyu bisa uku na jihohi. Ya rubuta 36 a allo, suka ce 24, babu gardama. Ya goge ya rubuta 19. Suka yi ta ƙirga, aka samu 12 da biyu bisa uku. Ya ce to a yanko masa biyu bisa uku na jiha.

Abin da ya faru ke nan a 1979, lokacin da jihohin ƙasar 19 ne. Alhaji Shehu Shagari ya samu kason a jihohi 12, ta sha ukun Kano ce, inda ya tsaya dab da kashi 20 cikin ɗari. Cif Awolowo ya kai ƙara cewa jiha 13 ake bukata cikakku. Kotun Ƙoli ta karɓi hujjar lauyan Shagari, Richard Akinjide, cewa a Kano ɗaya bisa huɗu na biyu bisa ukun ƙuri'un ake nema, wato ɗaya bisa shida, kuma Shagari ya haura hakan. Duk barcin ajin ya watse. Har aka buga ƙararrawa suna musu, wasu na Awolowo wasu na Shagari, yaran da ko iyayensu ba su isa jefa ƙuri'a ba a lokacin.

Laraba, 12 ga Maris

Mun gwada zaman majalisa na wasa, za a tsige gwamna bisa sashe na 188, bayan na ba su labarin tsohon gwamnan Kaduna Alhaji Balarabe Musa na jam'iyyar PRP, wanda majalisar da jam'iyyar NPN ke da rinjaye ta ƙi amince masa da kwamishinoni, ta kuma tsige shi a Yunin 1981. Bai yi armashi ba. Kowa so yake ya zama kakaki, wanda aka naɗa babban joji ya manta mutum bakwai zai zaɓa su yi bincike, gwamnan kuma ya yi fushi da gaske. Ba zan sake irin wannan cikin azumi ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Ran Talata da dare Shugaba Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas, ya dakatar da Gwamna Fubara da mataimakiyarsa da 'yan majalisar jihar na wata shida. Ran Laraba da safe, kafin in ƙarasa kafe babur, yara uku suna tsaye da shafin sashe na 305 a hannu. Ba ni na aike su ba. Sun ce sun karanta daga sama har ƙasa, sun ga sharuɗɗan ayyana dokar, ba su ga inda aka ambaci dakatar da gwamna ba. Na ce lauyoyi ma a nan suka rabu, kuma tarihi ya zo ta fuska biyu: Obasanjo ya dakatar da gwamnan Filato a 2004, Jonathan kuwa a 2013 ya sa dokar a Adamawa, Barno da Yobe ya bar gwamnonin a kujerunsu. Raba wannan gardama aikin kotu ne, ba na malamin sakandare ba.

Jiya majalisun tarayya suka amince ta hanyar ƙuri'ar murya. Yau ɗalibar nan mai gyara mana Hausa ta ce sashen biyu bisa uku na dukkan 'yan majalisa ya nema, ta lissafa, 73 cikin sanatoci 109, 240 cikin wakilai 360. "Malam, ta yaya ake ƙirga murya?" Na ce ta rubuta, ita ma ta shiga shafin tambayoyi.

Laraba, 26 ga Maris

Rubutun ya haɗu, shafi 22 da hannu. Ɓangaren shari'a ne ya fi rauni, jerin kotuna kawai suka yi, daga Kotun Ƙoli zuwa ƙasa, babu misali ko ɗaya, sai an sake shi bayan Sallah. Shafin tambayoyin da ba mu da amsarsu ya kai tambaya goma sha ɗaya. A bangon gaba sun zaɓi a sa sashe na 55, wanda ya ce Majalisar Tarayya za ta gudanar da aikinta da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Wani ya rubuta a ƙasa da fensir, "Mu mun yi namu tanadin." Na bar shi.

Ba mu cika alkawarin fitarwa kafin hutu ba. Mai kwamfuta ya ce injinsa ba ya fitar da ƙ da ɗ da ɓ, sai ya nemo wani rubutun, kuma kuɗin kwafi 60 bai haɗu ba tukuna. Na kai wa wani lauya, tsohon ɗalibina, ya duba mana lambobin sassan cikin hutu. Takardar silin kuma monita ya kawo ta yau, shugaban makaranta ya ce a cire layin da ya kafa hujja da sashe na 18 kafin ya sa hannu. Monita ya ƙi. Takardar tana cikin jakata.